Ƙararrawar Inna Tamae Ta Yi Shiru

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika ta har wuya, iyalin Konno na ƙauyen Usuzawa suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk masu hawowa daga birni don yin gudu a kan tuddan nan, cewa ƙararrawar Inna Tamae, wadda aka fi sani da Uwar Surutu, ta riga mu gidan gaskiya. Ta haura shekara tamanin a duniya, ba a kuma taɓa jin ta yi wa kowa laifi ba sai na hana barcin safe. Ta rasu a bakin aiki, ɗaure a ƙugun uwar ɗakinta, a can saman dutse, gab da Mashigin Gishiri.

Sai dai a yi wa iyali uzuri, ba a rubuta ranar rasuwa a wannan sanarwa ba, saboda an sami saɓani. Mutanen ƙauye sun ce tun lokacin dashen shinkafa rai ya yi halinsa. Inna Tamae ta ce da kaka ne, bayan kanya ta nuna, kuma a jikinta aka yi. Kowane ɓangare da gaskiyarsa, wannan saɓanin ma ya fi mutuwar kanta ciwo, kamar yadda bayani zai zo.

An haifi marigayiya a hannun wani maƙerin tagulla da sunansa ya ɓace. Dunƙulalliya ce, ba ta fi ƙwan kaza girma ba, da ɗan tsagi a ƙasanta, da 'yar ƙwayar ƙarfe a ciki wadda ke ba ta murya. Aikinta na fari a wuyan doki ta yi shi. Mahaifin Inna Tamae mai ƙona gawayi ne. Yakan ɗora buhuna a bayan doki, ya haura tuddai, ya ratsa Mashigin Gishiri ya gangara garuruwan masunta, ya dawo da gishiri da busasshen kifi. Tamae tana 'yar mitsitsiya takan bi shi, riƙe da jelar dokin. Sau ɗaya aka bar ta ta kai har mashigin, ta ga teku shimfiɗe a ƙasa, ta tambayi babanta wa ya zubar da ruwa haka. Daga baya aka yi titi, manyan motoci suka shigo, aka daina sayen gawayi, aka sayar da dokin. Ƙararrawa ta koma kan ƙusa a ɗakin girki, hanyoyin kuma ciyawa da gora suka cinye su.

Inna Tamae ta yi rayuwarta tana awara, ta haifi ɗa guda, ta binne miji. Da shekaru suka fara nisa, likita ya ce ta riƙa ɗan tattaki. Shi ya ce tattaki, ita ta ji gudu, don matar nan ko shayi a tsaye take shan sa. A nan kuwa ko yaro ya san ba a shiga daji shiru. Beyar, baƙar dabbar nan mai farin tabo a ƙirji, ba ta neman mutum da faɗa. In ta ji motsinka daga nesa za ta kauce ta ba ka hanya, masifa ita ce ku yi kiciɓis ba ta ji zuwanka ba. Saboda haka Inna Tamae ta sauke ƙararrawar daga ƙusa, ta goge ta da toka, ta ɗinke ta a bayan ɗamarar da take gudu da ita.

Duk wanda ya san marigayiya ya san muryarta. A miƙaƙƙiyar hanya takan ce kilin-kilin, kilin-kilin, cikin natsuwa. A hawa sai ta rage, kilin, ta huta, kilin, kamar mai tausayin wadda ke ɗauke da ita. A gangara kuwa ba ta da kunya ko kaɗan, kililililin, har karnuka su amsa. Mai cika alkawari ce, ruwa ko rana ba sa hana ta fita. Kikue, matar da gidanta ke ƙarshen ƙauye, da jin muryar take ɗora butar shayi. Baba Genzo, sa'an Inna Tamae, wanda suka yi aji ɗaya a makaranta kuma tun lokacin ba su daina tsokanar juna ba, shi ya raɗa mata suna Uwar Surutu, ya ce an haɗa masu hali ɗaya. Aibinta guda, kuma ba za a ɓoye ba ko da yake ta tafi: ba ta san wurin yin shiru ba. Ranar jana'izar mijin Kikue, Inna Tamae ta sauko daga dutse ta shiga haikali ba ta kwance ɗamara ba. Duk sunkuyawar da ta yi sai ƙararrawa ta amsa, har mai takaba ta cusa fuska a hannun riga, kafaɗunta na rawa, aka rasa kuka take ko dariya.

Amma babban aikin da za a tuna marigayiya da shi, shi ne nemo hanyoyin da suka ɓace. Gudu a gefen titi bai daɗe ba ya gundiri Inna Tamae, ta ce ba abin gani sai bayan mota. Tsofaffin hanyoyin doki take so. To, ta yaya za ta gane su? Lokacin da ta bi su tsawonta bai wuce gwiwar doki ba, abin da idonta ya gani jela ce kawai. Kunnenta ne ya riƙe hanya. Ta san inda kwazazzabo ke maido da muryar ƙararrawa sau biyu, da inda itatuwa ke shanye ta, da inda take sirancewa don ruwa na gudu a kusa. Sai ta kutsa cikin gora da lauje a hannu, ta tsaya, ta yi tsalle a wuri guda, ta kasa kunne. In amsar ba ta yi mata ba, ta matsa gaba ta sake. Masu tsinkar ganyen daji sun sha hango tsohuwa ita kaɗai a tsakiyar kurmi tana karkaɗa ƙugu, sai su juya su bi wata hanyar.

Da haka su biyun suka tono Hanyar Gawayi, mai bin doron tudu, inda da safe gajimare ke sauka ya kwanta a kwari, gonakin shinkafa su riƙa leƙowa hawa-hawa. Suka tono wadda ke bin rafi ta bayan tsofaffin kaburbura, mai sanyi ko da tsakar zafi, da wata gajeriya mai azabar hawa wadda 'yan birni suka fi ƙauna, don su wahala ce ke kawo su. Duk inda hanya ta tabbata, Inna Tamae ta ɗaura jan ƙyalle a reshe. Labari ya bazu, 'yan gudu suka fara hawowa ranakun hutu da takalmansu masu launi-launi. Kikue ta koma dunƙula musu shinkafa, ƙauyen da makarantarsa ta daɗe da rufewa ya sake jin dariyar matasa.

Hanya ɗaya ta rage, ita ce ta Mashigin Gishiri. Zaizayar ƙasa ta tafi da farkonta tun da daɗewa, waɗanda suka san ta kuma duk sun kwanta dama. Abin da Inna Tamae ta riƙe shi ne, gab da mashigin akwai wurin da muryar ƙararrawa ke tafiya ba ta dawo ba, don a nan bangon dutse ya ƙare, sarari ya buɗe. Ta ce sai ta kai kanta da ƙafarta ta sake ganin tekun nan kafin ta mutu, kuma ba da wasa ta faɗa ba.

Ɗanta Yasuhiro, wanda ke aiki a birnin Sendai, bai taɓa son wannan harka ba. Tuni ya gyara mata ɗaki a gidansa, can saman bene, tagarsa na kallon bangon maƙwabta. Wata shekara da ya zo hutun sabuwar shekara suka yi ta ja-in-ja har ya gaji, ya kafa sharaɗi a gaban Baba Genzo. Muddin ƙafa da ido da kunne suna aiki, ta yi gudunta, ba zai ce uffan ba. Ranar da ɗayansu ya gaza, za ta tattara ta bi shi. Ta amince har da dariya, ta ce sai dai shi ya riga ta gazawa. Kafin a kwashe kwanuka duk ƙauye ya ji sharaɗin, don a wancan lokacin Baba Genzo ba ya iya riƙe magana.

Jinyar marigayiya ba a jikinta ta fara ba, a kunnen uwar ɗakinta ta fara. Inna Tamae ta soma ƙorafin cewa tsuntsaye sun ragu a daji, gyare ya daina kuka da damina, matasan yanzu kuma a hanci suke magana. Ashe siraran sautuka ne ke guje wa kunnenta ɗaya bayan ɗaya, muryar ƙararrawa kuwa siririya ce. Amma muryar da mutum ya taso da ita tun yana riƙe da jelar doki ba ta jiran kunne. Da ƙafa ta taka ƙasa sai kilin ya tashi a cikin kanta, daidai inda ya saba tashi.

Shekaru kuma sun ci tsagin da ke ƙasan ƙararrawar, yana buɗewa kaɗan-kaɗan. Wata safiya ana dashen shinkafa, Inna Tamae ta zo wucewa ta ƙofar Baba Genzo, 'yar ƙwayar ƙarfen ta suɓuce ta faɗi a kan tsakuwa, ta gangara ta tsaya a gaban takalminsa. Yana ji muryar ta yanke a tsakiyar kilin. Ita kuwa ta ɗaga masa hannu, ta yi masa sannu da lalaci, ta wuce da gudunta, ƙararrawa na lilo a bayanta tsit. Ya sunkuya ya ɗauki ƙwayar ya sa a aljihu. Hannun da ya shekara da shekaru a ruwan zafin awara ba ya jin ɗan bambancin nauyi irin wannan, saboda haka da ta dawo ta rataye ɗamararta a gefen shimfiɗa ba ta lura da komai ba.

Kafin mako ya zagayo kowa ya sani. Kikue ta sani, don shayinta ya fara makara. Malamin haikali ya sani. Mai motar da ke kawo kayan masarufi ma ya sani. Ba wanda ya buɗe baki. Kaico, mutanen kwarin nan za su shiga gobara su fito da kai, amma ba za su iya duban idonka su ce maka rigarka a bai-bai take ba. Ga kunya, ga kuma tsoro. Wanda ya ce mata ƙararrawarki ta mutu, ya ce mata ke kurma ce ke nan, magana ta kai Sendai, ɗaki mai kallon bango ya sami mai shi. Gidajen da ake hura wuta a cikinsu a Usuzawa 'yan kaɗan ne, ba a son rasa ko ɗaya, balle nata.

Baba Genzo ya yi niyya, a ba shi wannan. Yakan sa wankakkiyar riga, ya je gidanta da ƙwayar a aljihu, ya zauna a baranda, a kawo shayi, ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana maganar kokwamba. Ya yi ta haka har ta gaji.

"Kai tsoho," ta ce masa, "in aurena kake so ka fito fili, ka daina shanye mini ganyen shayi."

Ya yi dariya har da tari, ya ce wa zai kwaso wa kansa wannan jaraba, ya tashi ya tafi da abinsa a aljihu. Kikue ma ta gwada neman aron ƙararrawar, wai za ta shiga tsinkar ganye, don a samu a kai wa mai walda a ɓoye. Inna Tamae ta ce ta haɗa da aron ƙafafunta mana, magana ta mutu a nan.

Da faɗa mata ya gagara sai suka koma wata dabara, kuma ba taro aka yi ba, kowa a ransa ya yanke. Tunda ƙararrawa ta daina korar beyar, su za su kore ta. Baba Genzo ya fara harba abin fashewar da ake korar birai da shi kowace safiya, alhali bana birai ba su taɓa masa ko ganye ba. Kikue ta ɗaure rediyo a kan sanda a gonarta ta can sama, ta ƙure murya, mai karanta labarin yanayi ya yi ta yi wa itatuwa bayani. Malamin haikali ya ƙara bugun babbar ƙararrawa da hantsi, ya ce likita ne ya ce ya riƙa motsa kafaɗa. Wani ya jera garewani a bakin daji, in ya ga ta wuce ya hau dukansu da sanda. Duk damina haka ƙauyen nan ya yi ta ruri kamar kasuwa.

Manyan sautuka kuwa tana jin su sarai. Ta ce gari ya haukace, yaya mutum zai saurari amsar dutse ana wannan hayaniya? Sai ta riƙa ƙara nisa, tana haura tudu bayan tudu, har inda rediyon Kikue da fashe-fashen Genzo ba sa kaiwa, ta sami shirun da take so. A can take tsallenta, ta kasa kunne, kanta ya ba ta amsar da ya ga dama, ta ɗaura ƙyalle inda ba hanya, gobe ta dawo ta kwance. Ta fara ramewa, ta fara faɗa da kowa. Ta gaya wa Kikue cewa dutsen ne ya canja hali, Kikue ta ce ƙila haka ne, ta ƙara mata shayi.

Ranar da abin ya faru kanya ta yi ja a kan bishiyoyi, lokacin da beyar ke cin duk abin da ta samu kafin ta shiga barcin sanyi. Inna Tamae ta fita bayan karin kumallo. Ba kunne ne ya kai ta ba, tuntuɓe ne. Ƙafarta ta daki wani dutse a cikin ciyawa, ta share gansakuka, ta ga kan doki a sassaƙe, irin dutsen da ake kafa wa dokin da ya mutu a hanya. Ta tuna babanta yana tsayawa a nan ya ajiye ɗan gishiri. Bayan dutsen ƙasa ta daidaita, faɗin doki ɗaya da kayansa. Ta sa gudu, tsohuwar da ta ba saba'in baya, tana gudu tana kuka. Iska ta juya ta zo da ƙanshin gishiri. Har yau tana rantsuwa cewa a wurin ta ji kilin ya tafi bai dawo ba.

Saura lanƙwasa ɗaya. Ta fara shan ta ke nan, sai ga beyar da ɗanta a tsakiyar hanya. Iyalin marigayiya ba sa ɗora wa dabbar laifi, don ba wanda ya sanar da ita zuwan baƙuwa. Inna Tamae ta yi abin da aka koya wa kowa, ta kife a ƙasa ta rufe ƙeya da hannuwa. Mari ɗaya ya yage mata kafaɗa. Sannan dabbar ta kai cizo a ƙugu, haƙoranta suka sauka a kan tagulla. Ta datsa, ƙararrawa ta tsage daga sama har ƙasa, ita kuma ta ji abin da bai yi mata daɗi ba, ta saki, ta kora ɗanta suka faɗa kurmi. Haka Uwar Surutu ta yi aikinta na ƙarshe da jikinta, tunda murya ta riga ta tafi.

Inna Tamae ta ɗaure kafaɗa da sauran jajayen ƙyallayen da ke aljihunta, ta gangaro da ƙafarta. Tekun yana bayan lanƙwasar, ba ta gan shi ba. A bakin daji ta tarar da Baba Genzo, wanda ya ga rana ta take ba ta dawo ba, ya fito da 'yar motarsa ta gona. Ya kwashe ta sai asibitin gunduma. A hanya, jini na bin kujera, ta juyo ta dube shi.

"Genzo, beyar ɗin nan kurma ce," ta ce. "Tun daga ƙasa Uwar Surutu ke ihu, amma ba ta kauce ba."

Baba Genzo ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ƙara wuta.

Washegari Yasuhiro ya iso. Ko jaka bai ajiye ba ta tare shi da bayani: ƙafa lafiya, ido lafiya, kunne lafiya, tsautsayi ne kawai, kuma ta samo hanyar, saura ƙiris. Ya fara sassautowa, don yana son uwarsa, sharaɗi kuma bai karye ba. Baba Genzo yana tsaye a bakin ƙofa, hula a hannu. Jinin da ya wanke daga kujerar motarsa bai bar ransa ya huta ba. Ya matso, ya zaro ƙwayar daga aljihu, tana sheƙi don yawan murzawa, ya ajiye ta a kan bargonta.

"Tun dashen shinkafa, Tamae," ya ce.

Ba ta ji ba, sai da ya maimaita da ƙarfi, har na gadon kusa suka juyo. Ta dubi ƙwayar, ta dubi ƙararrawar da ke kan tebur, ta daɗe. Ta tambaya ko Kikue ta sani, ya ce ta sani. Malamin haikali fa? Shi ma. Rediyon fa, da korar biran da ba su zo ba? Ya sunkuyar da kai.

"Wato kun bar ni ina rawa a daji da gawa a ƙugu," ta ce. "Kuna kallo, kuna kaɗa mini garwa."

Yasuhiro bai ɗaga murya ba. Ya roƙi likita ya auna kunnen, aka auna. Sannan ya fita baranda ya buga wa matarsa waya, ya ce a shanya katifar ɗakin.

Abin da ke ƙona rai shi ne ba mugu ko ɗaya a cikin wannan magana. Don kada su rasa ta suka yi shiru, shirun kuma ya raba su da ita. Da an gaya mata tun farko, da ta yi fushi, ta zage kowa tas, ta sayo abin maƙalawa a kunne mai ƙara ji, aka mayar wa ƙararrawa ƙwayarta, ƙila ma Yasuhiro ya ɗaga ƙafa. Yanzu kafaɗa na warkewa, amma hankalin Inna Tamae a tashe yake, kuma ba beyar ce ke damun ta ba. So take ta san yaushe ta ji muryar nan ji na gaskiya na ƙarshe, wace safiya ce, a kan wane tudu, ba kuma mai iya gaya mata. Tun da aka sallamo ta ba ta ce wa Baba Genzo ko sannu ba. Kullum yana zuwa ya zauna a baranda, ba a kawo shayi, in rana ta yi ya tashi.

Marigayiya ta rasu ta bar uwar ɗakinta, Konno Tamae, wadda har yanzu in ta taka daga ɗaki zuwa madafa takan ji kilin a bayanta, ta waiwaya. Ta bar ɗamara mai ramin haƙori, da takalman da ke bakin ƙofa da taɓon ranar a jikinsu, ba a yarda kowa ya wanke ba. Ta bar yayarta, babbar ƙararrawar haikali, wadda ta koma bugunta na da, kafaɗar malam ta warke. Akwai ƙusar ɗakin girki, da 'yar ƙwayar ƙarfe, da wata beyar a can sama da ake kyautata zaton tana fama da ciwon haƙori. Ta kuma bar hanyoyin da ta tono, da jajayen ƙyallayen da ke kansu, waɗanda ba a san wa zai sabunta su ba in sun koɗe.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi mai zuwa, kafin dusar ƙanƙara ta rufe tuddai. Da hantsi malamin haikali zai yi mata addu'a, kamar yadda yake yi wa tsofaffin allurai da 'yan tsanan da suka gama aikinsu. Ya ba da wuri a bayan haikali, Inna Tamae ta ƙi. Ta ce a Mashigin Gishiri za a binne marigayiya, inda ake ganin teku, in ba haka ba ita kanta sai dai a ɗaure ta a sa ta a motar Sendai. Yasuhiro ya ƙi, ya sake ƙi, daga bisani ya yarda, bisa sharaɗin tafiya za a yi ba gudu ba, kuma duk mai ƙafa a ƙauyen zai bi. Shi ma ya sayo takalmi.

Baba Genzo ne zai ɗauki ƙwayar. Ta bakin Kikue saƙon ya iso masa, wai ya riƙe, ai ya saba. A bakin rami zai mayar da ita cikin gawar kafin a rufe.

Ana gayyatar 'yan gudu na birni musamman, su zo su ga hanyar da idonsu, su riƙe ta, don daga ranar ba mai nuna musu. Ba a buƙatar furanni, ba a karɓar ambulan ɗin kuɗin ta'aziyya. Kowa ya zo da abin bugawa, tukunya ko garwa ko murfin kwano, Kikue ta zo da rediyonta, a buga tun daga bakin daji har sama, kada hannu ya huta. Motar Sendai za ta tashi ranar Litinin da safe.

Inna Tamae ce za ta shige gaba, don ita kaɗai ta san hanya. Ta bar roƙo ɗaya, ta ce a rubuta shi yadda ta faɗa. In an kai lanƙwasar ƙarshe za ta ɗaga hannu, kowa ya tsaya da kiɗa. Za ta juyo ta tambaya ko an ji ƙararrawa. Wanda ya fi kusa da ita ya dube ta a ido, ya ɗaga murya yadda za ta ji, ya ce mata a'a.